Yadda ake ɗora hotunan yaƙi a dandamalin wasan kwaikwayo

Ƙungiyar da ta shirya wasa a kan yaƙi, ta makaranta ce ko ta jami'a ko ta masu wayar da kan jama'a, takan kai inda za ta ga bindigar katako da jan fenti ba sa isar da abin da take son faɗa. Sai wani ya kawo shawarar a aro majigi a haska hotunan gaske a bayan 'yan wasa. Shawarar ba ta da laifi, amma a nan wasanni da yawa ke ɓaci. A kwaso hotuna arba'in daga intanet, a bar su suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, fitilun dandamali su wanke su, 'yan kallo su rasa ko hoto za su duba ko ɗan wasa za su saurara. Hoton yaƙi mai ba da shaida ne. In za ku kira shi, ku kira shi yadda ake kiran mai shaida gaban alƙali: a san ko shi wane ne, a ba shi wurin tsayawa, a yi masa shiru har ya gama.

Waɗanda suka riga ku

A 1925, a birnin Balin na Jamus, Erwin Piscator ya shirya wasan Trotz alledem, inda ya haɗa 'yan wasa da ainihin finafinan Yaƙin Duniya na Ɗaya da jawabai da labaran jaridu. Daga nan wannan hanya ta samu gindin zama a Turai. Amma wasan da ya fi dacewa ku yi nazarinsa shi ne Oh What a Lovely War, wanda Joan Littlewood da ƙungiyarta suka fito da shi a gabashin Landan a 1963. 'Yan wasanta ba su sa kakin soja ba, fararen kayan barkwanci suka sa, suna rera waƙoƙin da sojoji ke yi a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A bayansu hotunan ramukan daga na gaske ne ake haskawa, a sama kuma wani allon lantarki yana jero adadin waɗanda suka mutu. Ba jini a dandamali, ba kururuwa. Abin da ya girgiza mutane shi ne tazarar da ke tsakanin raha a gaba da gawarwaki a baya. A rana ɗaya kawai, 1 ga Yuli 1916, a fagen Somme na Faransa, sojojin Birtaniya fiye da 19,000 suka mutu. Irin wannan adadi, in ya bayyana a allo yayin da ake tsakiyar waƙa, ba ya buƙatar wani ya faɗi ƙasa yana shure-shure.

Bertolt Brecht, marubucin wasan kwaikwayo na Jamus, ya bi ta wata hanya. A 1955 ya fitar da littafin Kriegsfibel: hotuna 69, galibinsu ya yanko su ne daga jaridu da mujallu, ya sa wa kowane baiti mai layi huɗu. Ra'ayinsa shi ne hoto shi kaɗai yana nuna wanda ya mutu, ba ya nuna wanda ya aike shi ko wanda ya ci riba. Wannan aikin na kalma ne. Ku riƙe waɗannan biyu: daga Littlewood, kada ɗan wasa ya maimaita abin da hoto ya riga ya nuna, daga Brecht, kada a saki hoto ba tare da kalmar da za ta ɗaure shi ba.

Zaɓen hotuna

Ku gama rubuta wasan kafin ku nemi hoto. In aka fara da hotuna, su ke jan labarin, a ƙare da nunin hotuna mai 'yan wasa a gefe. Ku bi rubutun fitowa bayan fitowa, ku yi alama a wuraren da akwai abin da baki ba zai iya faɗa ba, ko abin da 'yan kallo za su ce ai ƙari ne. Nan ne gani zai kori ji. A wasan awa ɗaya, irin waɗannan wurare ba safai suke wuce takwas zuwa goma sha biyu ba. In jerinku ya kai ashirin, ku zauna ku rage. Idon mutum yana sabawa da sauri. Hoto na uku da ke nuna gawa ba ya yin rabin aikin na farko, na bakwai kuwa sai ka ji an fara hira a bayan zaure.

Kada ku ɗauka hoto mai ƙarfi shi ne mai jini. Layin mata da robobin ruwa a sansanin 'yan gudun hijira, aji da aka ƙone allon yana nan da rubutun ranar ƙarshe, takalma a kan titi, soja yana barci a zaune: irin waɗannan suna barin wa ɗan kallo aikin da zai ƙarasa da kansa, kuma suna jure wa haskawa a babban allo. Hoton rauni da aka ɗauka kurkusa, in ya zama mita uku, mutane kawar da kai suke yi, wanda ya kawar da kai kuwa ya fita daga wasan. In akwai hoto ɗaya mai tsanani da ba makawa sai an nuna, ku ajiye shi zuwa kashi na ƙarshe, ku nuna shi sau ɗaya.

Shahararrun hotuna suna da nasu cikas. Wanda ya riga ya san hoto, da ya gan shi zai ce "na san wannan", ya daina dubawa. Ku yi amfani da su ne idan hoton kansa shi ne maganar fitowar.

Tantancewa, aikin da ba a tsallakewa

Tun farkon wannan sana'a ake taɓa fage kafin a ɗauka. Roger Fenton, a yaƙin Kirimiya a 1855, ya ɗauki wani kwari sau biyu daga wuri ɗaya: a ɗaya harsasan igwa suna cikin rami a gefen hanya, a ɗayan sun bazu a kan hanyar. A Gettysburg a 1863, lokacin yaƙin basasar Amurka, Alexander Gardner da abokan aikinsa sun ɗauki gawar wani soja a wuri guda, suka kai ta bayan wasu duwatsu, suka jingine bindiga, suka sake ɗauka. Hoton Robert Capa na sojan da ke faɗuwa a Sifaniya a 1936, har yau ana gardama a kansa. A 2006 kamfanin Reuters ya janye hotunan wani mai ɗaukar hoto da ya ƙara hayaƙi a samaniyar Beirut da kwamfuta. Yanzu ga hotunan da na'ura ke ƙerawa daga babu.

Mu a nan abin ya wuce gardamar masana. Hotunan gawarwakin da suka ƙone a fashewar tankar mai a garin Sange na Kwango a 2010 sun yi shekaru suna yawo ana cewa kisan addini ne a Najeriya. A 2018 binciken BBC ya nuna yadda hotunan da ba na wurin ba suka yaɗu a Facebook lokacin rikicin jihar Filato, suka ƙara rura wuta. In kuka haska irin wannan a zaure mai mutum ɗari uku, kun sa masa hatimi.

Ku ware mutum ɗaya ya yi wannan aiki, da takarda ɗaya ga kowane hoto. Ya sa hoton a Google Lens da TinEye, shafukan binciken asalin hoto, ya nemo kwafi mafi tsufa, ba mafi yawa ba. Ya cike abu biyar: wa ya ɗauka, a ina, yaushe, su wa ke ciki, wa ya fara bugawa. Sannan ya faɗaɗa hoton ya duba abin da ke gefe: lambar mota, harshen da ke kan allunan shaguna, irin kakin soja, irin gini da bishiyoyi, ɓangaren da motoci ke bi a titi. Hoton da aka kasa cike uku na farko a kansa, a ajiye shi, ko da ya fi sauran kyau. Wuraren da aikin ke sauƙi su ne rumbunan da ke bayar da hoto tare da bayaninsa: Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, gidajen tarihin yaƙi na Birtaniya, rumbun hotunan Kwamitin Red Cross na Duniya, da kamfanonin labarai irin su AP da AFP da Reuters.

Ko hoton gaskiya ne, bayanin da ke yawo da shi yana iya zama kuskure. Hoton yarinyar nan 'yar shekara tara, Phan Thi Kim Phuc, tana gudu bayan an jefa bam mai ƙuna a Trang Bang na Biyetnam ranar 8 ga Yuni 1972, mutane da yawa suna cewa jirgin Amurka ne ya jefa; jirgin sojan Biyetnam ta Kudu ne. Hotunan yaran Biyafara da yunwa ta kama, waɗanda suka hau bangon mujallar Life a Yuli 1968, da waɗanda Don McCullin ya ɗauka, gaskiya suka nuna, kuma su suka sa taimako ya kwararo daga Turai da Amurka. Amma gaskiya ne kuma cewa gwamnatin Biyafara ta ɗauki wani kamfanin yaɗa labarai a Jeniba mai suna Markpress yana raba labarai da hotuna ga jaridu. Wasan da zai taɓa yaƙin 1967 zuwa 1970 a gaban 'yan Najeriya, ya kamata ya iya riƙe maganganun nan biyu tare. Wannan ma kansa fitowa ce mai kyau: hoto ɗaya a allo, 'yan wasa biyu kowa yana karanta masa bayani dabam.

Izini da mutunci

Hoto yana da mai shi. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya kariyar hoto shekara 50 ce daga lokacin da aka fara fitar da shi, amma ƙasashe da yawa suna ƙirga shekara 70 bayan mutuwar mai ɗaukar, don haka abin da ya halatta a zaurenku yana iya zama matsala in kuka ɗora bidiyon wasan a YouTube. Hotunan Fenton da na yaƙin basasar Amurka sun zama na kowa. Haka waɗanda ma'aikatan gwamnatin tarayyar Amurka, har da sojojinta, suka ɗauka a bakin aiki. Sauran, ku rubuta wa mai su wata biyu kafin wasa, ku faɗi sunan wasan, sau nawa za a yi, kujeru nawa, ana karɓar kuɗin shiga ko a'a, za a ɗauki bidiyo ko a'a. Masu ɗaukar hoto na gida, waɗanda suka yi aiki a Borno da Yobe ko Diffa, sun fi sauƙin samu, kuma su ne za su gaya muku abin da ya faru kafin hoton da bayansa. Ku biya su, ku sa sunansu a allo.

Izinin mai ɗauka bai ɗauke haƙƙin wanda aka ɗauka ba. Idan rikicin na kusa ne, ku ɗauka cewa wani a zauren zai gane fuskar. Matar da aka ceto daga daji, yaron da aka tilasta wa ɗaukar makami, mutumin da ake zargi da kai rahoto: nuna fuskarsu yana iya jawo musu tsangwama ko abin da ya fi haka. Ku zaɓi hotunan da aka ɗauka ta baya ko daga nesa. Fursunonin yaƙi kuwa, sashe na 13 na Yarjejeniyar Jeniba ta Uku ta 1949 ya ce a kare su daga zama abin kallon jama'a. Ku bi wannan ko da ba ku ne dokar ta ɗaure ba. Gawa kuma, a wurinmu suturta ta ake yi. Gawar da fuskarta ko tsiraicinta ke bayyane ba ta hawa allo. Hoton makara a kafaɗun mutane, ko sahun jana'iza mai gawa da yawa a gaba, ya isa.

Sai hukuma. A 1936 wani wasa mai suna Ethiopia, kan mamayar da Italiya ta yi wa Habasha, wanda shirin wasan kwaikwayo na gwamnatin Amurka ya shirya da rahotannin jaridu, an hana shi fita tun kafin ranar farko. Ku nuna wa shugaban makaranta ko mai zauren jerin hotunan tun da wuri, a rubuce, don kada a tsayar da ku ana saura awa biyu.

Majigi, allo da lissafinsu

Ku fara da girman allo, shi zai gaya muku sauran. Wanda ke kujerar ƙarshe kada nisansa ya wuce ninki shida na tsayin hoton. Allo mai faɗin mita 3 da tsayin mita 1.7 yana ɗaukar zaure mai zurfin mita 10. In zurfin ya kai mita 13, ku nemi mita 4 da 2.25.

Hasken majigi da lumen ake auna shi. Ku raba lumen da faɗin filin allon, ku samu hasken da ke sauka a kansa, wanda ake auna shi da luks. Majigi mai lumen 4,000 a kan allon mita 3 da 1.7, wato kusan murabba'in mita 5, zai ba da luks 800 a takarda. In ƙwan ya tsufa, ku ɗauka kashi biyu cikin uku za ku samu, kamar 500. Hasken da ke zubowa kan allon daga fitilun dandamali da tagogi kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na wannan, wato luks 50; ga tsoffin hotuna marasa launi masu duhu da yawa, ku yi ƙoƙarin rabin haka. Akwai manhajar auna luks a waya. Ba ta cika daidai ba, amma ta isa ta nuna muku wace fitila ce ke yin ɓarna: ku kashe majigi, ku jingina wayar da allo, ku riƙa kunna fitilu ɗaya bayan ɗaya. Allon mita 4 yana son lumen 6,000 ko fiye. Ƙananan majigin da ake sayarwa da arha, masu rubutun dubban lumen a kwali, yawancinsu ba da ANSI, wato ma'aunin da aka amince da shi, aka rubuta ba. A ɗakin kwana suke aiki, ba a zaure ba.

Nisan majigi daga allo yana cikin littafinsa, a matsayin lamba ɗaya da ake ninkawa da faɗin hoton. In lambar 1.5 ce, allon mita 3 yana son nisan mita 4.5. Mai gajeren zango, mai lamba 0.5, mita ɗaya da rabi ya ishe shi, kuma shi ya fi dacewa da dandamali domin ana rataye shi sama kusa da allo, 'yan wasa su yi ta zirga-zirga a gaba inuwarsu ba ta hau hoton ba. In na talakawa kuka samu, ku ɗaga gindin allon ya kai mita 2 daga ƙasa, ku ɗaga majigin shi ma, hasken ya wuce ta saman kawuna. Majigi a kan tebur a tsakiyar 'yan kallo shi ne kuskuren da aka fi yi: duk ɗan wasan da ya gitta sai rabin hoto ya koma kan rigarsa.

Haskawa ta baya tana kawar da matsalar inuwa gaba ɗaya, in akwai fili a bayan allo. A nan sai farin yadi marar kauri, a juya hoton daga saitin majigi don kada rubutu ya fito a birkice. Abu biyu ke ɓata ta: ɗinki, wanda ke fitowa a matsayin baƙin layi, da ƙwan majigin da ke ratso yadin ya zama farin tabo a tsakiya. Maganin na farko yadi mai faɗi ɗaya ba haɗi; na biyu a sauke majigin ƙasa da layin idon 'yan kallo a ɗan ɗaga bakinsa, a gyara karkacewar daga saiti. In ta gaba za a haska, bango mai laushi da aka shafa wa fentin ruwa marar sheƙi ya fi yadi. Fari mai ɗan toka ya fi fari fat fito da baƙi. In yadi ne, a sa baƙin ƙyalle a bayansa, a ɗinke aljihu a gindi a zura bututun ƙarfe ya ja shi ya miƙe. A fili kuma sai an ɗaure kusurwoyi huɗu saboda iska, kuma kada a fara kafin duhu ya kama sosai. Bayan Isha'i ya fi.

Fitilun 'yan wasa su zo daga gefe da sama, ba daga gaba kai tsaye ba, domin fitilar gaba tana wuce ɗan wasa ta sauka kan allo. Ku ja layi da tef a ƙasa, mita ɗaya da rabi zuwa biyu daga allon, ba wanda zai tsallaka shi yayin da hoto ke sama. A bakin fitilu a sa fallen gwangwani don yanke hasken da ke zuba baya. Kada a sa kwali a fitila mai zafi, kamawa yake yi.

Akwai wani abu da ba a ganewa sai ranar gwajin ƙarshe: baƙin majigi ba baƙi ba ne. Ko ba hoto, in aka kashe fitilu za ku ga murabba'i mai toka-toka a bango, kuma shi ke kashe duhun da kuke so kafin hoto ya bayyana. Ku yi masa murfi: baƙin kwali a kan sanda ko a igiya, da za a sauke gaban gilashin, da tazarar kamar santimita 15, ba tare da toshe ramukan iska ba.

Wuta da waya

Majigi mai ƙwai yana cin wat 300 zuwa 400, kuma yana buƙatar fankarsa ta ci gaba da juyawa bayan an kashe shi. In aka ɗauke wuta yana da zafi, yakan ƙi tashi na minti ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye, ƙwan kuma yana raguwa da kwana. Ku sa shi da kwamfutar a kan UPS, batirin da ke riƙe na'ura in an ɗauke wuta, mai ƙarfin 1,000 VA, a layi dabam da na manyan fitilu da lasifika. In da janareta, ku fara wasan a kansa tun farko, kada ku jira a ɗauke wuta, ku kuma nisanta shi bayan gini don ƙara. Shiru yana cikin kayan aikinku. Da hunturu ku wanke matatar ƙurar majigin kafin kowane wasa, domin in ta toshe yana yin zafi ya kashe kansa a tsakiyar fitowa. Wayar HDMI ta talakawa, wadda ke kai hoto daga kwamfuta zuwa majigi, tana fara yanke hoto in ta wuce mita 10 zuwa 15. In nisan ya fi haka, ku nemi na'urar da ke miƙa hoton ta wayar intanet. Ku manne duk wayoyi a ƙasa da tef.

Kowane hoto a shirya shi a kan baƙin shafi mai girman 1920 da 1080. Yawancin hotunan jarida ba su kai faɗin allo ba, don haka baƙi zai rage a gefe. Ku bar shi. Kada ku ja hoto ya cika allo, kada ku yanke shi ba da sanin mai shi ba, kada ku sa wa marar launi launi. Wanda tsayinsa bai kai fiksel 1,000 ba zai farfashe. Tsakanin kowane hoto da na gaba ku sa baƙin shafi, hoton ya shigo a hankali cikin daƙiƙa biyu, ba juyi ba walƙiya. PowerPoint ya isa. Danna B yana baƙanta allo nan take. Ku kashe sanarwar saƙonni da barcin kwamfuta, ku cire ta daga intanet, ku mai da bangon fuskarta baƙi don in shirin ya rufe kansa kada hoton iyalin wani ya bayyana.

Bayanin hoto layi ɗaya ne ko biyu: wuri, shekara, mai ɗauka. Tsayin harafi santimita ɗaya ga kowane mita biyu na nisan kujerar ƙarshe. Inda ba kowa ke karatun boko ba, ɗan wasa ya faɗe shi da baki, da muryar karanta sanarwa.

Ɗan wasa da hoto

Duk lokacin da hoto ya bayyana, idon kowa yana komawa kansa, ko wa ke magana. Layin da aka faɗa a daƙiƙa biyar na farko ya tafi a banza. Saboda haka ku rubuta shirun a cikin rubutun wasa kamar yadda ake rubuta magana: hoto ya hau, daƙiƙa shida zuwa takwas ba motsi, sannan bayani, sannan magana. A gwaji wannan shiru zai yi wa 'yan wasa tsawo, za su riƙa gaggawa. Mai kula da dandamali ya ƙirga musu. Hoto mai mutane da yawa yana son daƙiƙa goma ko sha biyu. In ya wuce rabin minti ana magana a ƙarƙashinsa ya zama bango, a sauke shi.

Mai danna hotuna ya riƙe kwafin rubutun da lambobi a gefe, kowace lamba a kan kalmar da za a danna, ba "wajen ƙarshen jawabin Malam" ba. Ya zauna inda yake ganin dandamali, ya halarci aƙalla gwaji uku na ƙarshe.

Inda ɗan wasa ke duba, nan 'yan kallo ke duba. In ya juya baya ya kalli allo, ya zama ɗaya daga cikinsu. In ya kalli 'yan kallo hoto yana bayansa, ya zama kamar bai san abin da suka sani ba, wannan ita ce dabarar Littlewood. Kada ya yi kuka a gaban hoton. In ya yi, ya yi wa 'yan kallo nasu. Kiɗan tausayi ma haka.

Akwai masu son 'yan wasa su kwaikwayi hoton da jikinsu su daskare. Augusto Boal na Birazil ya gina hanya guda a kan siffanta al'amari da jiki, kuma masu wasan wayar da kai irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun daɗe suna aiki da makamancinta a ƙauyuka. Tana aiki idan aka yi ta don tambaya: a tsayar da siffar, a tambayi 'yan kallo wa ya rage a hoton, wa ke tsaye bayan mai ɗauka, me ya faru minti ɗaya kafin nan, sai a ƙara mutanen. Ba ta aiki idan lafiyayyen ɗan wasa ya kwanta a matsayin wata gawa sananniya. Mai fasahar ƙasar Sin Ai Weiwei ya yi haka a 2016 da hoton yaron Siriya Alan Kurdi, wanda aka tsinci gawarsa a bakin teku, ya sha suka mai yawa. Ku siffanta masu kallo, masu ɗauka, masu gudu. Wurin gawar ku bar shi fili.

In ba majigi, ko kuna zargin wuta, a buga hotuna uku ko huɗu a kan leda irin ta allon talla, mita biyu da ɗaya da rabi, marar sheƙi, 'yan wasa biyu su warware a lokacinsa su naɗe. Ko ɗan wasa ya riƙe hoton a hannu, bayansa na kallon jama'a, ya bayyana abin da ke ciki daki-daki. Ga hoton da ya yi tsanani da nunawa, wannan ce hanya. Kowane ɗan wasa ya haddace bayanin hoton da ke fitowarsa, don in majigi ya mutu a ci gaba.

'Yan kallo

A faɗa a takardar gayyata, a sake faɗa da baki kafin a fara, cewa za a nuna hotunan yaƙi na gaske. A garuruwan da ke da 'yan gudun hijira ko iyalan sojoji wannan wajibi ne. A bar ƙofa ɗaya a buɗe da ɗan haske, da mutum biyu a waje, mace da namiji, da ruwa da kujera. A tsayar da shekarun shiga, a yi aiki da shi a ƙofa. A roƙi mutane su ajiye waya: hoton da aka ɗauka daga allonku zai fita ba bayani, gobe ya dawo a WhatsApp da sunan wani gari.

Tausayin da hoto ke tayarwa ba ya daɗewa. Bayan hoton Alan Kurdi a Satumba 2015, gudummawar da ake bai wa Red Cross ta Suwidin don 'yan gudun hijirar Siriya ta ninka sau da yawa a makon farko, cikin 'yan makonni ta sauka. Ku naku 'yan kallon minti ashirin kuke da shi kafin su kai bakin titi. Ku kunna fitilun zaure a hankali, ku bar allo baƙi, wanda ya iya riƙe taro ya jagoranci tattaunawa da tambaya ɗaya takamaimiya, kamar wane hoto ne suka so a ce ba a nuna ba, kuma me ya sa. In rikicin da wasan ya taɓa yana da ɓangarori a cikin zauren, a sanar tun farko cewa ba a kiran sunan ƙabila ko unguwa. A ƙofa a raba 'yar takarda mai jerin hotunan da bayaninsu, da abu ɗaya da mutum zai iya yi a garin a makon nan: wurin ba da jini, makarantar da ke karɓar yaran sansani, ko yadda ake duba hoto kafin a tura shi gaba.